Wasiƙa daga Sikotilan: ɗan cin ranin da ke sauka kan karan dawa

Assalamu alaikum mutanen gida, ya zafi, ya shirin damina? Allah ya ba mu mai albarka.

Labarin wani ɗan tsuntsu zan ba ku, Turawa na ce masa whinchat. A nan Sikotilan sai ka hau tuddan makiyayar tumaki za ka gan shi, inda ba itace ko ɗaya sai ciyawa da iska mai shiga ƙashi. Nauyinsa bai kai giram 20 ba. Namijin na da farin layi a saman ido, ƙirji ruwan lemo, ya hau kan ciyawa mai tsayi ko turken shinge yana kaɗa wutsiya, da ya hango ƙwaro ya diro ya cafke ya koma mazauninsa.

To wallahi da yawanku kun san shi, ba ku dai san matafiyi ba ne. Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu yake isowa nan, ya yi sheƙa a ƙasa cikin ciyawa, ya ƙyanƙyashe, wajen Satumba ya kama hanya ya tsallake teku ya tsallake Sahara ya zo cin rani wajenmu, shi ne zaka gani da kaka a kan karan dawa ko masara yara na binsa da danƙo.

Akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Laminga kusa da Jos, sun sa wa wasu zobe a ƙafa, wasu kuma suka goya musu 'yar na'ura mai nuna inda suka je a baya. Abin da ya fi ba ni mamaki, wanda ya tsira yakan dawo ɗan fegin da ya zauna bara, gonar nan dai, ba wata ba. Na Jos ɗin yawanci gabashin Turai suke nufa, saboda haka ba zan ce muku na nan Sikotilan 'yan Filato ne ba.

Amma fa suna ƙarewa. A Birtaniya sama da rabinsu sun tafi daga 1995 zuwa yanzu, har an sa shi a jerin tsuntsayen da ake tsoron ɓacewarsu. Mu mutanen gida dai kada a ɗora mana duka laifin ƙarewarsu, a Turai manoma na yanke ciyawar dabbobi da inji tun ƙwai na cikin sheƙa, injin ya bi ta kai ya wuce.

Manoman Filato da na kudancin Kaduna, in kaka ta yi ku duba min wane wata ya fara sauka a gonarku, ku aiko min. A gaida kowa da kowa.