Watanni Huɗu Ina Gudun Tauna

Ranar da aka sallame ni daga asibiti a Alkahira, likitar abinci ta miƙo mini takarda mai shafi biyu da wani ɗan kofin roba da bai fi na shan maganin tari ba. Ta ce shi ne ma'aunina a kwanakin farko, in cika shi in kurɓa a hankali, in huta, in sake. Tiyatar rage ƙiba da aka yi mini ita ce wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar ɗan siriri mai kama da ayaba. Na shiga ɗakin tiyata da kilo 126, ga ciwon sukari, ga gwiwoyin da suka sa nake sallah a zaune tun ban cika arba'in ba.

Takardar ta tsara komai daki-daki. Mako biyun farko ruwa-ruwa zalla, biyu na gaba markaɗaɗɗen abinci, sannan mai laushi, sai wajen mako na shida zuwa na takwas a koma abin taunawa. A ƙasan kowane shafi an ja layi a kan abu guda: furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80 kullum. Jikin da ke ramewa da sauri, in bai samu furotin ba, tsokarsa yake ci tare da kitsen, kuma da furotin ɗin ne ɗinkin da ke ciki yake warkewa.

Nan garin furotin ya shigo rayuwata. Daga madara ake samun sa, ruwan nan da ke tsatsowa idan an daskarar da ita za a yi cuku, shi ake tacewa a busar. Ludayin da ke cikin robar garin guda ɗaya yana ba da wajen giram 25. Kafin ka samu haka a ƙwai sai ka ci huɗu, ni kuwa a lokacin rabin ƙwai ma ba shi da wurin zama a cikina. Na taho Kano da roba uku a akwati, yarana suka raɗa masa suna kunun Mama. Ba zan taɓa raina shi ba. A makonnin farko shi ya riƙe ni, da shi na samu ƙarfin tashi in zaga tsakar gida.

A mako na bakwai aka yi suna a gidan ƙanwata. Aka kawo tsire da zafinsa, ƙamshin ƙuli da yaji ya cika ɗaki, ni kuma rabona da nama tun kafin tafiya. Na ɗauki yanka guda, na tauna irin taunar da na saba shekara da shekaru, na haɗiye, na bi shi da na biyu. Kafin in kai hannu ga na uku na ji kamar an kafa mini turmi a ƙahon zuci. Ga shi bai wuce ba, ga shi bai dawo ba. Miyau mai kumfa ya riƙa taruwa a bakina ina tofarwa, zufa ta jiƙa mini ɗankwali. Na fi rabin awa durƙushe a banɗaki kafin aman ya zo. Innata na tsaye a bakin ƙofa tana ta salati, tana cewa, “'Yar nan, me suka yi miki a can?”

Daga ranar na tsorata da duk abin da ake taunawa. Na koma kunun furotin safe, rana da dare, ina ce wa kaina ai lissafi ya cika, giram 75 ba ragi. Da zaƙinsa ya fara gundurata sai na shiga yi masa gyara: yau ayaba, gobe dabino uku, jibi cokalin zuma da tunkuza. Tsakanin kofi da kofi kuma sai koko, sai fura da aka dama da ruwa-ruwa, sai biskit a tsoma a shayi. Duk waɗannan suna wucewa salin-alin, babu ciwo babu amai. Sai dai awa guda bayan na sha, cikina ya sake kira. A wata na huɗu ma'aunin nauyina ya tsaya cak, mako biyar bai motsa ba.

Na kira likitar ta bidiyo ina kuka, na ce mata tiyatar ta lalace. Ta sa na lissafa mata duk abin da ya shiga bakina jiya, tun daga asuba. Da na gama ta ce, “Hajiya, tiyatarki lafiya lau take, ke ce ba ki ba ta aiki ba.” Ta kwatanta mini sabon tumbin da mazurari. In ka zuba masa ruwa, nan take ya zurare zuwa hanji, shi ya sa ba na jin ƙoshi mai ɗorewa. Abu mai kauri kamar kifi ko ƙwai yana zama a ciki ya daɗe, ya cika ɗan wurin, ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ya isa. Dabino da zuma da biskit kuwa sukari nake ɗurawa ta ƙofar da ba ta da mai gadi. Na tambaye ta gashina da mai kitso ta ce yana zuba, ta ce wannan yakan faru tsakanin wata na uku da na shida, zai tsaya, in dai riƙe furotin da ƙwayoyin bitamin ɗina.

Sai na koma koyon cin abinci kamar yarinyar da ake yayewa. Na ajiye farantin gida na ɗauki ɗan farantin kofin shayi da ƙaramin cokali. Na fara da ƙwai guda, a kaɗa a dafa shi da laushi. Bayan kwana uku na gwada farfesun kifi, na bi shi da yatsa na cire ƙaya, na jiƙa shi sosai da romo. Daga nan alala ba mai yawan manja ba, awara dafaffiya a cikin miya maimakon soyayya, kindirmo babu sukari. Dambun kaza ya ba ni wahala ranar farko don bushewarsa, da na zuba masa romo sai muka shirya. Kowace loma ba ta fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, ina taunawa har ta zama kamar kunu a baki, in ajiye cokali, in jira. Ɗan abincin nan yakan ci mini minti ashirin zuwa talatin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda jikina ya ƙirƙiro tasa hanyar yin magana. In na kusa ƙoshi sai shaƙuwa guda ta zo, wani lokaci hancina ya ɗan yi ruwa. Loma ɗaya bayan wannan alamar ita ce mai jawo azaba. Watanni huɗun da na yi ina kurɓa ban taɓa jin ta ba, saboda ruwa ba ya tsayawa har ta zo.

Dokar da ta fi yi mini wuya ita ce raba ruwa da abinci. Ba a sha ana ci, sai an jira minti talatin bayan an gama, ga kuma lita ɗaya da rabi da ake so in sha a yini. A zafin watan Afrilu na Kano wannan jarrabawa ce. Gora ba ta barin hannuna, ina kurɓa kaɗan-kaɗan tun daga safiya. Tuwo da shinkafa da burodi kuwa har yanzu ba mu gama sasantawa ba, suna cunkushewa su cinye wurin da nama zai zauna. Don haka a farantina nama ko kifi ne farko, ganye na biye, in an samu sauran wuri a sa loma guda ta tuwo.

Ban jefar da robar garin ba, ko da yake kuɗinta na tashi duk lokacin da dala ta tashi. Na zauna na yi lissafi: ƙwai biyu giram 12, ɗan kifin rana da kazar dare da kofin kindirmo su kai ni wajen giram 50. Giɓin da ya rage, ludayi guda ke cike shi. Ina dama shi da ruwa zalla da hantsi, ba dabino ba zuma. Ranar tafiya ko ranar da cikin ya ƙi karɓar komai, nakan ƙara na biyu ba tare da jin na yi laifi ba.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan. Ina kilo 84, likita ya rage mini maganin sukari, kuma ina sujada goshina a ƙasa. Juma'ar da ta wuce na je gaida Inna, aka kawo tsire. Ta ja farantin gabanta, ta zaɓi yanka mafi taushi, ta yayyanka shi ƙanana da wuƙa, ta zuba masa ɗan romon da ta sa aka ɗumama, ta tura mini. Na ci guda huɗu cikin minti ashirin tana zaune tana kallona, shaƙuwar ta zo, na ajiye.