Godiya bayan tsautsayin da ya same mu a kan rufi

Alhamdulillahi, an sallamo ƙanena jiya da yamma. Hannun na cikin filasta, amma yana cin tuwonsa da ɗayan. Kun san yadda dish ɗinmu na setilayit ya faɗo ya danne shi, ba sai na maimaita ba, ni kaina har yanzu in iska ta taso gabana faɗuwa yake.

Waɗanda suka yi ta sintiri asibiti da kwanukan abinci, da matasan layinmu da suka riƙe dish ɗin da igiya cikin ruwan sama har aka zaro yaron daga ƙarƙashinsa, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna, Ya jiƙan mahaifanku, Ya raba ku da ganin irin wannan dare.

Na san ba ya son a ambace shi, amma sai na faɗa: Baba mai gyaran setilayit na bakin masallacinmu. Dattijon nan ya hau rufin da kansa, ya dubi karyayyen jak, wato sandar da ke juya dish ɗin, ya girgiza kai. Ashe wanda ya haɗa mana tun farko jak mai inci 18 ya ɗaura wa dish mai faɗin mita 3. Kullum aka juya shi daga tauraron ɗan'adam na Nilesat da ke digiri 7 yamma zuwa Intelsat 20 a 68.5 gabas, sai sandar ta fito har ƙurewarta, ga nauyi, ga iskar farkon damina. Baba ya sa tef ya auna tazarar maƙalan jak ɗin biyu, dish na kallon gabas, ya sake aunawa yana kallon yamma. Ya ce, "Ɗana, irin wannan daga inci 24 ake farawa, naku 36 yake so. Kuma sai an saita makunnin iyaka na cikin motar jak ɗin, mai tsayar da shi, in ba haka ba dogon ma tura shi zai yi ya kife." Ya kawo nasa na ajiya ya ɗaura. Na miƙa kuɗi, ya ce in je in sayo wa yaro magani. A nan hawaye suka zubo mini.

Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

'Yan uwa da ke nan cikin Kano, waɗanda ba a rasa su a falonmu ranar kallon ƙwallo amma ko waya ba su buga ba, mun gode, muna nan gida. Masu son dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe barci yake yi.