Almajirci: Daga Karatun Safe Zuwa Biyayya Kafin Dare

Masu bi da yawa suna marmarin matsowa kusa da Allah, kuma da gaske suke. Matsalarsu ita ce ba su san abin da za su yi gobe da safe ba. An ce musu su yi addu'a, su karanta Littafi Mai Tsarki, amma ba wanda ya zauna ya nuna musu ta ina ake farawa, aya nawa ake ɗauka, da abin da ake yi bayan an rufe littafin. A nan ne akasari tafiyar take tsayawa.

Yesu ya shimfiɗa hanyar a Yahaya 14:21 da 23. Wanda yake da umarnansa, yana kuma bin su, shi ne mai ƙaunarsa, gare shi zai bayyana kansa, shi da Uba kuma za su zo su zauna tare da shi. Ka lura da yadda abin ya jeru: a ji, a yi biyayya, sannan zumunci ya yi zurfi. Saboda haka, ɗan'uwa, tambayar da za ka riƙa auna kanka da ita ke nan: abin da na karanta da safe, ya taɓa abin da na aikata kafin dare?

Bari mu fara da yawan karatu, domin nan ne aka fi yin ɗaukar dala ba gammo. Littafi Mai Tsarki yana da littattafai 66, surori 1,189. Wanda yake so ya gama shi cikin shekara ɗaya sai ya karanta sura uku zuwa huɗu kowace rana. Buri ne mai kyau, amma dubi abin da yake faruwa da sabon shiga. Littafi na farko, Farawa, yana da sura 50, na biyu, Fitowa, 40, jimla 90. Da sura uku a rana, wata ɗaya ya cinye su, kuma yawancinsu labarai ne masu jan hankali. Yana shiga wata na biyu sai ya faɗa Littafin Firistoci: sura bakwai na farko ka'idodin hadayu ne, sura 13 da 14 kuma dokokin cutar fata. Ba mai yi masa bayani. Ya tsallake kwana biyu, bashin sura shida ya hau kansa, ya tsallake mako, bashin ya wuce ashirin. Kunya ta kama shi, gwiwa ta yi sanyi, littafin ya koma kan tebur yana shan ƙura.

A ganina, mai farawa ya ɗauki Markus. Sura 16 ce kawai, ita ce mafi gajarta cikin bisharu huɗu, kuma tana nuna Yesu yana aiki. Ka karanta sashe ɗaya a rana, aya goma zuwa goma sha biyar, wato labari ɗaya ko koyarwa ɗaya cikakkiya. Cikin wata biyu ko kusa da haka ka gama. Daga nan Yahaya, sai Ayyukan Manzanni, sai gajeriyar wasiƙa kamar Filibiyawa ko Yakubu. Tsohon Alkawari yana nan yana jiranka, kuma Littafin Firistoci zai fi buɗe maka idan ka karanta shi tare da Ibraniyawa.

Minti ashirin sun isa a farko. Minti biyu ka yi shiru, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka fahimta. Minti takwas ka karanta sashen sau biyu, na biyun da murya, domin kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Minti uku na rubutu, bakwai na addu'a. Ka tsai da wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Wayarka kuwa ta kwana a wani ɗaki, ko aƙalla nesa da hannunka, don saƙo ɗaya ya isa ya kwashe minti ashirin ɗin gaba ɗaya. Idan barci ne yake sace ka, kada ka yi karatu a kan gado, sannan ka duba ƙarfe nawa kake kwanciya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Minti ukun nan na rubutu su ne ƙashin bayan abin, su ne kuma aka fi watsarwa. Ka sami ƙaramin littafin rubutu, ka amsa tambaya uku: me sashen ya faɗa, me ya nuna mini game da Allah, me zan yi yau saboda shi. Amsa ta uku ita ce mai wuya. A ce ka karanta Markus 11:25, inda Yesu ya ce in kun tsaya yin addu'a ku yafe wa duk wanda kuke riƙe da shi a zuciya. Idan ka rubuta "zan zama mai yafiya", ba ka rubuta komai ba, domin ba ranar da za ka iya cewa ka yi ko ba ka yi ba. Ka rubuta sunan mutumin. Ka rubuta cewa kafin faɗuwar rana za ka kira shi, ko za ka daina maimaita laifinsa ga wasu. Da dare, kafin ka kwanta, ka buɗe shafin ka sa alama: an yi, ko ba a yi ba. Yakubu 1:23 da 24 sun kwatanta mai ji ba ya aikatawa da mutumin da ya dubi fuskarsa a madubi, ya juya, nan take ya manta kamanninsa. Wannan alamar ta dare ita ce komawa gaban madubin.

Wajen addu'a, idan kalmomi sun ƙare maka bayan minti ɗaya, ka bi tsarin da Ubangiji ya koyar a Matiyu 6:9-13. Roƙo uku na farko na Allah ne: sunansa, mulkinsa, nufinsa. Na baya su ne namu: abincin yau, gafara, da tsari daga gwaji da Mugun. Ka ɗauki kowane layi ka cika shi da abin da yake gabanka a ranar. In ka zo kan gafara, ka ambaci zunubin da sunansa. "Ka gafarta mini dukan zunubaina" tana da sauƙin faɗi domin ba ta taɓa ko'ina. "Na yi wa abokin aikina ƙarya jiya don in kare kaina" ita ce take zafi, ita ce kuma furcin da 1 Yahaya 1:9 take magana a kai. Idan tunani ya yi ta yawo, ka ajiye takarda kusa, duk abin da ya faɗo maka ka rubuta shi da kalma biyu, ka dawo.

Haddar aya ɗaya a mako tana ba ka 52 a shekara. Abin da yake ɓatar da su rashin bita ne, don haka kowace rana ka maimaita ta wannan makon da ta makonni uku da suka wuce, tare da sura da lambar ayar.

Ranar bushewa za ta zo. Ka karanta ba ka ji komai ba, ka yi addu'a kamar da bango kake magana. Kafin ka yanke cewa Allah ya yi nisa, ka bincika abubuwa kaɗan. Jiki na farko: da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, barci ya yi, mala'ika kuma ya tashe shi sau biyu ya ci ya sha, kafin tafiyar da ta kai shi inda Allah ya yi masa magana. Sai zunubin da aka binne, wanda Dawuda ya ce ya busar da ƙarfinsa a Zabura 32. Sai zaman gida, domin 1 Bitrus 3:7 ta gargaɗi maza cewa yadda suke bi da matansu yana iya toshe addu'o'insu. In ka duba duka ba ka ga komai ba, ka ci gaba da zuwa a kan lokaci, ka ɗauki Zabura 13, 42 ko 88 ka mai da su addu'arka. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da amsa ba, duk da haka tana cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Idan kuma ka tsallake kwanaki, ka ɗora daga inda ka tsaya, kada ka ce sai ka biya bashi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Markus 3:14 ta ce Yesu ya zaɓi goma sha biyu domin su kasance tare da shi, Markus 6:7 kuma ta nuna cewa da ya aike su, biyu biyu ya aike su. Ka nemi mai bi ɗaya a ikkilisiyarku wanda ya riga ka a tafiya, namiji da namiji, mace da mace, kamar yadda Titus 2 ta ɗora wa manyan mata koyar da ƙanana. Ku haɗu sau ɗaya a mako, awa ɗaya, kada ku wuce mutum uku, don da an yi yawa sai kowa ya fara ɓoye abin da yake damunsa. Kowa ya zo da littafin rubutunsa. Ku tambayi juna me aka karanta, me aka yi niyya, me aka aikata, sannan ku yi wa juna addu'a a kan abin da ya gagara.

Abu biyu ne suke kashe irin wannan zama. Na farko gulma: ranar da sirrin wani ya fita, ko da da sunan "a sa shi a addu'a" ne, daga ranar ba mai sake buɗe cikinsa. Na biyu, mai almajirtarwa ya mai da kansa ubangida, har ƙaramin ba ya iya yanke shawarar aure ko aiki sai da izininsa. 1 Bitrus 5:3 ta hana shugabanni nuna iko a kan garke, ta ce su zama abin koyi. Shi ya sa tun ranar farko ya kamata a sa wa zaman wa'adi, wata shida ko shekara ɗaya. In wa'adin ya cika, wanda aka koya wa sai ya nemi wani sabon mai bi, su buɗe Markus sura ta 1 tare, kamar yadda Bulus ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane waɗanda za su iya koya wa waɗansu.