A jawo maharba a jiki

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Duguri a jihar Bauchi ya san ba katanga aka zagaye gandun dajin Yankari da ita ba. Daji ne da ya haura murabba'in kilomita 2,000, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma tun da aka keɓe shi a 1956 gonaki ke ta matsowa bakinsa. Ma'aikatan gandu nawa ne za su iya tsare wannan? Ni dai a ganina, in ba a sa maharbanmu a ciki ba, wahala kawai ake sha.

Kawuna maharbi ne, gadon gidansu ne. Da damina ta kankama sai ya rataye harba-rugarsa a bango, ya ɗauki fartanya, ya ce a bar nama ya yi goyo. Na taɓa bin sa dajin bayan gari, muka ga gada a bakin rafi, har ya saita, sai ya sauke bindiga. Ya nuna min sawun ɗanta a laka, ƙarami kamar yatsa biyu. "Ɗan nan, in ka kashe uwar, biyu ka kashe," in ji shi. A ranar, da zabo ɗaya muka koma gida. Ba hukuma ce ta koya masa ba. Sarkin Baka ne ke tsawatarwa, wanda ya karya doka kuma a daina fita da shi.

Abin da ke cinye daji yanzu daban ne: tarkon waya da ba ya bambance gwanki da ɗan maraƙi, da samarin da ke cinna wa daji wuta saboda gafiya. Maharbin gari ya san su, ya san hanyar da suke bi.

Ƙungiyar WCS mai kare namun daji ta gwada wani abu da ya burge ni: ta ɗauki mutanen ƙauye aikin sa ido kan giwaye, su kira ma'aikata a waya da zarar garke ya doshi gonaki. Manomin da giwa ta kwana a masararsa ba wa'azi yake buƙata ba, agaji yake so da wuri.

Haka nake so a yi da farauta. Dagaci da Sarkin Baka su zauna da ma'aikatan gandu, a tsayar da watannin fita, a hana cinna wuta da tarkon waya, sannan a ɗauki 'ya'yan maharba aikin sintiri da albashi.