Darussan da na koya lokacin da intanet ta shigo ɗakin karatunmu

A ƙarshen watan nan nake ajiye aiki a ɗakin karatu na makarantar koyon aikin likita, kuma waɗanda za su ci gaba da riƙe sashen sun matsa mini in bar musu wani abu a rubuce. Ba zan taɓo jera littattafai da rajistar aro ba, yanzu kun fi ni sanin wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarun nan na dab da 2000, lokacin da ilimin da muka daɗe muna hange daga nesa ya fara buɗewa kyauta a intanet, da kuma abin da mutum ɗaya ya yi da wannan buɗi a wurinmu.

Sai wanda ya yi aikin kafin lokacin zai san girman abin. Likita zai shigo neman abin da aka rubuta kan wata cuta, mu sauko masa da kundayen Index Medicus, manyan littattafai masu ƙananan baƙaƙe, ya bi su shekara-shekara da yatsa yana kwafe sunayen maƙalu. Ya gama ya nufi kanta, ya tarar mujallar da yake nema an daina biyan kuɗinta tuntuni. Daga nan sai katin roƙo, ɗan katin da ake cikewa a aika wa marubucin ta gidan waya ko Allah zai sa ya turo kwafi. Wani ya iso bayan watanni, wani shiru kake ji har yau. Da MEDLINE, wato jerin maƙalun likitanci irin na Index Medicus amma a kwamfuta, ya fara zuwa a faifan sidi mun ɗauka wahala ta ƙare, amma faifan na kuɗi ne, kuma kafin sabo ya iso na hannunmu ya tsufa.

A watan Yunin 1997 babban ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ya buɗe PubMed, shafin binciken MEDLINE a intanet, ga kowa, ba tare da biyan komai ba. Miliyoyin bayanan maƙalu, waɗanda a da ake biya minti-minti a bincika ta hanyar kamfanoni irin su Dialog, suka zama na duk wanda ke da layin waya da modem. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun 1991 Paul Ginsparg ya kafa rumbu a Los Alamos inda masana kimiyyar lissafi da fiziks ke ajiye bincikensu kafin a buga. A 1993 cibiyar CERN ta sakar wa duniya fasahar yanar gizo ba ta nemi lada ba. A 1995 HighWire na jami'ar Stanford ya fara ɗora mujallun kimiyya, kuma zuwa 1998 ana iya karanta mujallar BMJ daga farko har ƙarshe kyauta. Kusan kowane wata sai ka ji an buɗe wani sabon abu.

Mu kuwa kwamfuta ɗaya muka samu mai haɗi da intanet, kyauta daga wani shirin tallafi da aka yi domin ɗalibai da malamai. Ranar da ta iso shugabanmu ya ce a kai ta ofishinsa. Aka ɗinka mata riga, aka rufe ta har da allon rubutun. Mai son amfani da ita sai ya rubuto takarda, shugaba ya sa hannu, sannan ya jira ranar da shugaba yake zaune kuma ba shi da baƙi. Ba zan zalunce shi ba, yana da hujjojinsa. Kuɗin waya na gaske ne, ƙwayar cutar kwamfuta tana yawo a faifan filofi, kuma in na'urar ta lalace ba mu da mai gyara a kusa. Amma duk waɗannan ana iya maganinsu da jadawali da mai lura. Shi ba jadawali yake so ba, so yake duk mai buƙata ya bi ta gabansa ya rusuna. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Da yake bai saba da na'urar ba, ni yake kira in aika masa saƙonninsa na imel. A ragowar mintunan da ke biyo bayan haka na koyi abin da na koya. Modem ya yi ta ƙugi da shewa kafin layi ya kama, kuma da zarar wani ya ɗaga kan waya a ofishin sakatare sai komai ya yanke, a sake daga farko. Na koyi kashe hotuna a Netscape, manhajar buɗe shafukan intanet, domin rubutu ya sauko da wuri. Na koyi sa kalmomi cikin alamar buɗe da rufe magana a injin bincike na AltaVista, da bin rassan Yahoo ɗaya bayan ɗaya lokacin da yake jerin da mutane ke tsarawa da hannu. Daga baya na gano www4mail na cibiyar ICTP da ke Tiriyeste a Italiya: ka aika adireshin shafi ta imel, a turo maka shafin cikin akwatinka, abin da ya cece mu a ranakun da layi ba ya iya ɗaukar bincike kai tsaye. Duk adireshin da na tabbatar yana da amfani sai in rubuta shi a wani littafi mai bangon kwali, harafi-harafi, domin ɗigo ɗaya in ya kuskure shafi ba zai buɗe ba. A gefen kowanne nakan sa abin da ke ciki, wa ke da shi, kyauta ne ko na kuɗi, da ranar da na duba shi ƙarshe.

Wata rana wata matashiyar likita daga sashen haihuwa ta same ni a kan tebur. Ta ce, "Malam, don Allah taimako nake nema. Jibi muna da zaman sashe, ina so in kawo maganar jijjiga, amma in ba takarda a hannuna ba wanda zai saurare ni." Ta ji labarin wani babban gwaji da aka buga a mujallar Lancet a 1995, kan matan da jijjiga ta kama lokacin goyon ciki ko haihuwa. A sashensu har lokacin diyazifam ake bayarwa, ita kuma tana so a nemi kantin magani na asibiti ya riƙa ajiye magnesiyam salfet. Muka duba kanta, Lancet ɗinmu na wannan shekarar babu shi. Shugaba ya yi tafiya taro, ba zai dawo ba sai bayan zaman nasu.

Makullin ofishin yana hannun masinjanmu, dattijo mai haƙuri, saboda shara. Na roƙe shi, na ce, "Baba, ni zan ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya." Ya buɗe mana ya tsaya a bakin ƙofa. Na cire wa kwamfutar riga, layi ya kama, na rubuta kalmomin a PubMed. Tsakuren, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar, ya fito: mata fiye da 1,600 aka gwada, kuma waɗanda aka ba magnesiyam salfet haɗarin dawowar jijjiga ya ragu musu da kashi 52 cikin 100 idan aka kwatanta da diyazifam, da kashi 67 cikin 100 idan aka kwatanta da fenitoyin. Likitar ta karanta a tsaye, ta sake karantawa, ta ce in buga mata. Firintar allura ce, mai ƙara, kowa a barandar ya ji ta. Ta ninke takardar ta sa a aljihun farar rigarta ta yi godiya ta tafi. Na rubuta abin da muka yi da tsawon lokacin da muka ɗauka, na ajiye a kan teburin shugaba domin kada ya ji a bakin wani.

Da ya dawo bai tambayi wace maƙala ce ba. Ya ce, "Wa ya ba ka izinin shiga ofishina?" Na ce, "Ranka ya daɗe, maganar rayukan mata ce, kuma zaman ba zai jira ba." Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba. Washegari takardar tuhuma ta iso, an rubuta cewa na kutsa ofis na taɓa kayan hukuma ba da izini ba. Aka mayar da ni sashen ɗinkin littattafai, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni. Wannan na iya shanyewa. Abin da har yau ban shanye ba shi ne na Baba. Na rubuta a amsata cewa ni na matsa masa, na maimaita a gaban kwamiti, duk da haka aka karɓe makullan daga hannunsa aka tura shi gadin ƙofa, mutumin da ƙafafunsa ba sa jure tsayuwa. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. In mun haɗu shi ke fara gaishe ni. A can ya yi ritaya.

Littafina mai bangon kwali yana cikin aljihun teburin da aka tashe ni daga kai. Bayan wani lokaci na gan shi ya zama ɗan kundi da aka buga da keken rubutu, an raba wa mahalarta wani taron bita na ma'aikatan ɗakunan karatu, da sunan shugaba a bango. Har 'yan bayanan da nake sawa a gefe suna ciki, an dai cire ranakun dubawa, wato an cire abin da ya fi komai amfani, domin a lokacin adireshi kan mutu cikin 'yan watanni. Na yi shiru. Masu cewa mutum ya yi haƙuri aikinsa zai yi magana ba su faɗi dukkan gaskiya ba. Aiki yana magana, amma sau da yawa da muryar wani. Shawarata ga ƙanana ita ce duk abin da kuka haɗa ku sa sunanku da kwanan wata a kansa, ku ba mutum biyu kwafi tun kafin ya kai teburin manya.

A Janairun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin HINARI tare da manyan kamfanonin ɗab'i shida, mujallu wajen 1,500, cikakkun maƙalu ba tsakure kawai ba, kyauta ga cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Tsarin shi ne a ba cibiya kalmar sirri ɗaya, ma'aikata da ɗalibanta su yi amfani da ita. Tamu ta zo a wasiƙa, wasiƙar ta shiga aljihun tebur, aka murza makulli. A wannan shekarar ce Lancet ta buga gwajin Magpie, mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, wanda ya nuna magnesiyam salfet yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki tun kafin ta kama su. Malamanmu suna rubuta wa abokansu na ƙasashen waje su turo musu maƙalu, alhali hanyar samun dubban mujallu tana kwance cikin ambulan a gininmu. Ni daga ɗakin ɗinki nake jin labari, hannuna duk gam.

Sai da shugaba ya yi ritaya aka dawo da ni. Abin da na fara yi shi ne fito da kwamfutar zauren karatu, na ajiye takardar jadawali a gefenta, minti talatin-talatin, ɗalibi da farfesa layi ɗaya. Kalmar sirrin kuma duk wanda ya nuna katin makaranta sai in rubuta masa, in zauna da shi har ya sauke maƙalarsa ta farko da hannunsa. Ba a sace komai ba, na'urar ba ta mutu ba, kuɗin waya bai fi ƙarfinmu ba. Wasu daga cikin waɗanda suka zauna a kujerar nan suna kuskuren riƙe linzamin kwamfuta yau su ne shugabannin sassa, kuma ina jin daɗin hakan ba kaɗan ba.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Tsakure ba maƙala ba ne, yana isa a buɗe magana a zaman sashe, amma kafin a canza magani a nemo cikakken rubutun. A PubMed kalmomin MeSH, wato tsararrun kalmomin da ake rarraba maƙalu da su, sun fi kalmar da ta fara zuwa maka a ka. In ka ga abu mai amfani ka sauke shi yau, domin GeoCities da ke ɗauke da shafuka masu ɗimbin yawa an rufe shi a 2009, kuma Wayback Machine, rumbun da ke adana kwafin tsofaffin shafuka, bai kama komai da komai ba. Shafin da ba ya faɗin wanda ya rubuta shi da ranar da aka rubuta, kada ka miƙa wa likita. Marubuta da yawa suna amsa imel cikin kwana ɗaya ko biyu in ka roƙe su da ladabi, kuma ɗalibai ba sa yarda da haka sai sun gwada. Kada ilimin wata na'ura ya tsaya a kan mutum ɗaya, ko da kai ne mutumin.

Takardar tuhumar tana nan cikin fayil ɗina, ban kuma damu a cire ta ba. Wadda na nema a janye ita ce ta Baba, domin 'ya'yansa suna raye kuma bai kamata takardun hukuma su ci gaba da cewa mahaifinsu ya ci amanar makulli ba. Na rubuta wa ofishin kula da ma'aikata, na sake tunatarwa, ba amsa. Kwafin wasiƙun suna cikin jakar miƙa aiki, ina roƙon wanda ya gaje ni ya ci gaba da bibiya.