TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Zaman Kaka a Wambile

Makon jiya na ce zan ci gaba da labarin shigata sakandare, amma wallahi tun ranar maganar jakar Kaka ta tsaya min a rai, sai na fitar da ita tukuna.

Ƴan gidanmu kowa ya san Kaka ya je Ingila a 1924 zamanin Sarkin Kano Usman, abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne me ya kai shi. Turawa ne suka shirya gagarumin baje kolin ƙasashen da suke mulka a Wembley, shi Wambile yake cewa, suka gina gari guda mai ganuwa irin tamu ta ƙasar Hausa, suka zuba masu sana'a daga Najeriya da Gwalkwas (Gana ta yanzu) da Saliyo a ciki. Shi baduku ne, da basillarsa da jar fata ya tafi. Jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa. Sarki Joji na biyar ya buɗe wajen ranar 23 ga Afrilu, kuma cikin azumi ne, Kaka ya ce ga sanyi ga rana ta ƙi faɗuwa.

Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ni ɗinki na je yi." In wani ya ce ai kallonku aka kai ku a yi, sai ya ajiye basilla ya kalle shi, ya ce ni ɗinki na je yi. Baffa ne ya fi kowa faɗar wannan magana a gabansa, shi da bai taɓa huda fata ba a rayuwarsa. Kuma ba wai Kaka bai san an kalle su ba ne, ya sani sarai, har ɗaliban Afirka da ke Landan irin su Ladipo Solanke sun yi ƙorafi kan yadda jaridun can suka riƙa rubutu a kansu. Amma wanda ya tsaya kallon nasa ƙarshe jaka yake saye ya tafi.

Abin da muka fi so ya ba mu muna yara shi ne labarin filin wasannin da ke gefe, inda ake ihu tun hantsi har dare. Sau ɗaya ya hau wannan keken da ke hawa tudun katako ya gangaro a guje, ya ce da suka kai ƙololuwa ya hango rufin gari kaf, kafin ya gama salati abin ya sako su, iska ta fizge masa hula bai ƙara ganinta ba. In ya zo nan sai ya dafe kai da hannu biyu yana dariya har da hawaye. Akwai kuma jirgin da ba ya tsayawa sam, rage gudu kawai yake a tasha kowa ya yi ta kansa ya shiga, da mutum-mutumin ɗan sarkin Ingila da mutanen Kanada suka yi da man shanu zalla, wannan kam mun daɗe ba mu yarda ba.

Ni sai a 1998 da na je kwas Ingila na ga hasumiya biyun filin ƙwallon Wembley, inda aka yi baje kolin, da idona, na tsaya na kasa ɗaukar hoto. A 2003 aka rushe su.

Jakar da ya ɗinka a can ya ƙi sayarwa, mai adon karan dafi da kore, a ciki yake ajiye basillar. Ranar sadakar bakwai ɗinsa tana rataye a ɗaki, kafin arba'in Baffa ya kai ta Kurmi ya sayar wa dillali, ko Inna bai shawarta ba. Mun yafe masa tunda ya riga mu gidan gaskiya, amma na zagaya rumfunan dukawa ya fi sau goma ina tambaya, har yau in na shiga kasuwar sai idona ya bi jakunkunan da ke rataye.