Daƙiƙa Ashirin da Suka Cinye Mana Aikin Dare Guda

Duk mai buga Helldivers 2, gem ɗin harbi da mutum huɗu ke haɗuwa su buga ta intanet, daga Sakkwato ya san abin da yake tsoro tun kafin ya kunna inji: a ɗauke wuta, sabis ya yi ƙasa, ko zafin watan Afrilu ya sa injin ya kama huci. Waɗannan duk mun yi musu tanadi gwargwadon hali. Ni ina Arkilla da PS5 a kan inbata, abokina yana Mabera da kwamfutar tebur da sola, ɗan kawuna yana shigowa daga Kaduna, sai Autanmu a ɗakinsa na haya a Runjin Sambo da laftof. Gem ɗin yana haɗa mai PS5 da mai kwamfuta a fili ɗaya, magana kuma a waya muke yin ta, bayan sha biyun dare lokacin da sabis ke sakin jiki. Abin da ya kashe mana aiki a daren da nake magana ba ya cikin abubuwan da muka yi wa tanadi, shi ya sa har yau in na tuna sai na ji raina ya sosu.

Samfur muka fita nema, wato wasu kaya da ake tsinta a filin yaƙi, masu ruwan hoda ɗin nan da ba a samu sai a matakai na sama. Wanda ya daɗe a gem ɗin ya san bambancinsu da sauran abin da ake tsinta. Lambar yabo da kuɗin da ka ɗauka a fili nan take suke shiga asusun kowa, ko ƙwaro ya cinye ka bayan daƙiƙa ɗaya. Samfur kuwa sai an fita da shi a hannu. In mutum ɗaya ya shiga jirgin kwasa da shi, duk ku huɗun kun samu. In bai shiga ba, kowa ya tashi a tutar babu. Kuma da shi ake gyara babban jirgi, gyaran da ke sa makaman da kake kira daga sama su ƙara ƙarfi ko su riƙa dawowa da wuri. Kore da ruwan lemo mun tara su har sun yi yawa. Masu ruwan hodan ne suka tsaye mana a wuya, don a fili guda ba su wuce 'yan ƙwayoyi ba, kuma a wuri ɗaya ake zuba su, gindin wani dutse mai ƙaton kai da siririn wuya wanda taswira ba ta nuna shi. Sai dai ka taka da ƙafa ka nemo.

Mataki na 7 muka shiga, ɓangaren ƙwari. Babban aikin ya tafi lami lafiya, ba abin ba da labari. Ramukan da muka tarar mun toshe da gurneti, Bile Titan ɗin da ta taso mana, ƙaton ƙwaron nan mai dogayen ƙafafu, abokina ya sauke mata bam mai kilo 500 a ka. Cikin minti 40 da ake bayarwa saura kamar bakwai muka rabu biyu: ɗan kawuna da Auta su je su kira jirgi, ni da abokina mu ƙarasa lungun taswirar da ba mu taka ba. Can muka ga dutsen. Ina tsugune ina kwasa wani Charger, ƙwaron da ke rugowa ya banke mutum, ya kashe abokina, na tattara abin da ya zubar na haɗa da nawa. Ke nan duk abin da muka wahala a kai tun farkon dare yana jikina ni kaɗai. Shi kuma aka sake kiran sa ya sauka can wajensu.

Na kama gudu. Ina jin su a waya suna ɓarin wuta, ɗan kawuna yana cewa Pelican, wato jirgin kwasa, ta sauka, in yi sauri amma kada in damu, suna riƙe da wurin. Gaskiya ya faɗa. Jirgin in ya sauka ba ya tashi don kansa matuƙar lokacin aiki bai ƙare ba. Zai zauna da ƙofa a buɗe yana jira. Abu ɗaya ke tayar da shi: mutum ya shiga. Da zarar ɗaya ya zauna a ciki, daƙiƙa 20 ake ƙirgawa, ko da wa aka bari a waje. Motar tasha sai ta cika take tashi, wannan kuwa fasinja ɗaya ya ishe ta.

Saura tudu ɗaya tsakanina da su Stalker, ƙwaron nan mai ɓacewa ido, ya fito daga inda ban gan shi ba, ya make ni na yi sama na faɗo a bayan wani dutse. Jinina ya koma ja, saura ƙiris. Na soka allura, na miƙe, layin numfashi ya cika, na hau tudun. Daga samansa ina hango jirgin da ƙofarsa a ƙasa, ƙura na tashi, ɗan kawuna ya durƙusa a gefe yana harbin ƙananan ƙwarin da ke bin sawuna. Sai lambobi suka bayyana a saman allo suna raguwa.

"Wa yash shiga jirgi?"

Shiru. Sai muryar Auta ƙasa-ƙasa: "Ni na, Yaya."

"Hito maza!"

"Ba a hita, Yaya, in an zamna an zamna."

Ɗan kawuna ya bar inda yake ya rugo wajena, ko me yake tunanin zai yi oho, wataƙila ya karɓi kayan ya juya. Abokina yana ta "taho, taho, taho" har muryarsa ta shaƙe. Na zubar da babbar bindigar da ke bayana duk da na san ba ta rage gudu, hannu ne kawai ke neman abin yi. Ina ganin ƙusoshin da ke jikin ƙofar lokacin da ta fara ɗagawa. Taku biyar ko shida ya rage. Jirgin ya tashi da mutum biyu, ya bar mu biyu a ƙasa, ƙwari suka rufe mu.

Allon ƙarshe ya ce an ci nasara, tunda babban aiki ya kammala. An ba mu maki, an ba mu lambobin yabo. Gurbin samfur kuwa kore biyu ne kacal, waɗanda Auta ya tsinta a hanya.

Sai da muka koma babban jirgi ya faɗi dalili. An ɗauke musu wuta tun muna tsakiyar aiki, laftof ɗin ya koma kan batir, cajin ya yi ja. Yana tsoron ta mutu kafin a tashi ya rasa komai. Tsoronsa yana kan hanya, don wanda ya yanke kafin a gama ba ya ganin ladan aikin. Abin da ya ƙona min rai shi ne bai faɗa ba. Muna kan waya ɗaya, yana jin numfashina, yana jin ana ce min in taho. Kalma huɗu ta isa: "Yaya, cajina ya ƙare." Da ya faɗa tun da wuri, da ba mu je neman dutsen ba, ko da ɗan kawuna ya taro ni a rabin hanya. Kuma laftof ɗin ba ta mutu ba. Muna ta maganar, ana ba shi baki ana ba ni, yana nan tsaye a cikin jirgi har kusan kwata na awa.

Mutane suna yawan kuka da cewa a gem ɗin nan harsashin ɗan'uwanka yana kashe ka, kuma kamfanin Arrowhead na Suwidin da gangan ya bar shi haka tun Helldivers na farko na 2015. Ni wannan bai taɓa ɓata min rai ba. Abokina ya sha sauke min ruwan bama-bamai a ka, ni ma bindigar da nake girkawa ta sha yanke shi. Mutum huɗu ana ba su damar sake sauka sau 20, ka danna sama, ƙasa, dama, hagu, sama, ka jefa ƙwallo, ɗan'uwanka ya dawo. Samfur ɗin da ya zubar yana nan inda ya faɗi, da alamarsa a taswira, sai a koma a ɗauka. Duk wata ɓarna da ake yi a fili tana da gyara. Shiga jirgi kafin lokaci ne kaɗai na sani wanda ba a warware shi, kuma ba ya buƙatar mugunta ko rashin iya harbi. Mutum ɗaya ya ji tsoro ya yi shiru, shi ke nan.

Yanzu kafin mu sauka kowa sai ya faɗi halin da yake ciki: akwai wuta ko babu, caji nawa, data za ta kai ko ba za ta kai ba. Abokina ya ga kamar na cika tsanani da na kawo wannan, amma shi ne ya fara cin amfaninsa ranar da hadari ya hana solarsa cika. In wani yana kan batir, ba ma taɓa aikin minti 40, gajerun nan na minti 12 zuwa 15 muke ɗauka, a toshe ramuka ko a karkashe a fita. Samfur ba ya yawa a cikinsu, amma ba a yin kuka.

Mai ɗauke da kaya shi ke fara shiga jirgi. Ba a tattauna wannan. Sauran su tsaya a bakin ƙofa suna kare shi, ko Titan biyu ne a kansu, don mutuwarka a bakin jirgi ba ta rage wa kowa samfur, tashi ba tare da shi ba ita ke ragewa. Mai kayan kuma sulke mara nauyi yake sawa, kuma ɗaya daga cikinmu yana zaɓar ƙarin nan da ke tsawaita numfashin gudu. In muka ga Stalker ko ɗaya ne, komai tsayawa yake sai an nemo raminsu an toshe, domin muddin ramin na nan haka za su yi ta fitowa, kuma bayan mai gudu shi kaɗai suke bi. Wanda ya make ni a tudun nan ya ci min daƙiƙun da suka fi taku shidan da suka rage.

Dabarar da ta fi duka amfani wajen wani baƙo na gan ta, wanda ko gaisawa ba mu yi ba. Muna wucewa ta kusa da filin da jirgi ke sauka a tsakiyar aiki, sai ya ratse ya zubar da duk samfur ɗinsa a gindin na'urar kira, ya dawo muka ci gaba. Ƙwari ba sa taɓa shi, ba ya ɓacewa. In an zo tafiya, duk wanda ya fi kusa ya duƙa ya kwashe. Da a daren nan kore da ruwan lemon da muka tara suna ajiye a can, da ko Auta ya shiga da wuri an tsira da mafi yawa, masu ruwan hodan kaɗai za a yi asara. Su ɗin dai su ne muka fita nema, wannan kam ba dabarar da za ta maido su.

Da baƙi abin ya fi wuya, don ba ka da wayar da za ka yi musu tsawa. Gem ɗin ya fito ranar 8 ga Fabrairu 2024, ya sayar da kwafi miliyan 12 cikin mako 12, sannan a Agustan 2025 aka buɗe shi ga masu Xbox, saboda haka kullum akwai sabon shiga da bai san ƙa'idar daƙiƙa 20 ba. Yana ganin ƙofa a buɗe zai faɗa. Abokina ra'ayinsa a kori irin waɗannan daga tawaga tun kafin jirgi ya sauka. Ni ban yarda ba, tunda na ga yadda nawa ƙanen ya yi, kuma ba mugu ba ne. Abin da nake yi, da an kira jirgi sai in rubuta musu a akwatin saƙo cewa a jira mai samfur, in sa alama a kansa a taswira, in je in tsaya a bakin ƙofar da kaina. Mafi yawansu suna ganewa su tsaya.

Auta yanzu shi muke ba ɗaukar kaya. Shi ya fi mu gudu da iya zillewa, kuma tunda shi ne zai fara shiga ko ta yaya, cajinsa ya daina zama abin fargaba. Ya sayi ƙaramin inbata na hannu da kuɗin da ya tara. Gyaran jirgin da muka fita nema a daren nan har yanzu saura min samfur mai ruwan hoda biyu kafin in buɗe shi, kuma daren Juma'a mai zuwa mataki na 8 muka shirya shiga.